Botar Gyaɗa: Rigimar Shekara 12 Kan Abin Da Ke Cikin Kwalba

 Yau hirarmu a kan gyaɗa ce, amma ba wadda ake ɓarewa a bakin titi ba. Markaɗaɗɗiyar nan ta cikin kwalba da kuke gani a manyan kantuna, wadda Turawa ke ce wa peanut butter. Mu dai botar gyaɗa za mu kira ta har ƙarshen shirin.

A Amurka, in kana son ka tada gardama a gida ba tare da ka taɓa siyasa ba, to ka tambayi mutanen gidan: mai laushi ta fi daɗi, ko mai garas-garas ɗin nan da ake jin tsakin gyaɗa a cikinta? Sai ka ga wa da ƙani sun rabu gida biyu. Ga kuma ɓangare na uku, masu cewa duk wadda aka zuba wa sukari ba botar gyaɗa ba ce, alawa ce kawai. Kowa yana ganin harshensa ne ya zaɓa masa. To ni abin da nake so mu duba yau shi ne, kafin harshen ya zaɓa, akwai waɗanda suka riga shi: wani likita, wani mai masana'anta, wani kamfanin sabulu, da wata uwar gida da ta hana manyan lauyoyi sakat. Su suka yanke abin da zai shiga kwalbar, daga baya mutane suka taso suka ce shi suke so.

Bari mu fara da ita gyaɗar. Da yawanmu mun ɗauka tamu ce tun kaka da kakanni, amma asalinta Kudancin Amurka ne, yankin da yau yake Boliviya da maƙwabtanta. A ƙasar Peru, a 1987, an tono kabarin wani basarake a wani wuri mai suna Sipan, aka same shi da sarƙar wuya da aka ƙera da zinariya da azurfa a siffar gyaɗa. Kun ga darajarta a wurinsu ke nan. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, ta samu ƙasa ta zauna, don dama manomanmu sun saba da gurjiya, wadda ita ma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya. Shi ya sa har yau a Sakkwato da wasu sassan Nijar, gujiya ake ce wa gyaɗa. Daga Afirka kuma ta bi jiragen cinikin bayi ta shiga Arewacin Amurka. Can aka daɗe ana raina ta, ana ganin abincin bayi ne da aladu, sai bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, lokacin da sojoji suka ci suka ji, sannan ta fara shiga birane.

Wa ya fara markaɗa ta? Wannan tambayar ma ba ta da amfani, don duk inda gyaɗa da turmi suka haɗu an daka. Abin da ake iya nunawa da takarda shi ne wanda ya fara zuwa ofis ya ce a rubuta da sunansa. A 1884 wani mutumin Montreal a Kanada, Marcellus Gilmore Edson, ya karɓi takardar mallakar fasaha kan niƙa soyayyar gyaɗa a tsakanin ƙarafa masu zafi har ta koma kamar man shafawa. Shi fa alawa yake son yi da ita, ba shafa wa burodi ba.

Wanda ya mayar da ita abinci shi ne Dakta John Harvey Kellogg. E, Kellogg ɗin da kuka sani a jikin kwalin Corn Flakes, ƙaninsa ne ya kafa wancan kamfanin. Shi likitan yana da wata katafariyar cibiyar jinya a Battle Creek, jihar Michigan, inda masu kuɗi ke zuwa a gyara musu ciki. Mutum ne da ya tsani nama, yana ganin shi ne tushen yawancin cututtuka. To in ka hana mutane nama, me za ka ba su ya gina musu jiki, musamman tsofaffin da ba haƙora? Sai ya koma kan gyaɗa da danginta, ya nemi tasa takardar mallakar a 1895. Abin dariyar, shi bai yarda da suya ba, ya fi son a dafa ko a turara gyaɗar kafin a niƙa, wai ta fi sauƙin narkewa a ciki. Duk wanda ya san ƙamshin soyayyar gyaɗa ya san abin da aka yi asara. Kasuwa ba ta bi shi a nan ba, suya ce ta yi nasara.

Wato farkon botar gyaɗa a Amurka, abincin marasa lafiya masu hali ne. Daga nan ta shiga ɗakunan shan shayi na manyan mata. A 1901 wata mai suna Julia Davis Chandler ta rubuta a wata mujallar girki ta Boston cewa a gwada haɗa ta da jam a tsakanin burodi. A lokacin gayu ne. Ba wanda ya zaci wannan haɗin zai zama abincin rana na 'ya'yan talakawa.

Sai gyara guda. Za ku ji ana cewa George Washington Carver, baƙar fatan masanin noma da aka haifa cikin bauta, shi ya ƙirƙiro botar gyaɗa. Ba shi ba ne. Aikinsa ya fi haka girma. A makarantar Tuskegee da ke Alabama ya riƙa koya wa ƙananan manoma su huta da auduga, wadda ta cinye ƙarfin ƙasarsu kuma ƙwaro ya addabe ta, su shuka gyaɗa da dankali. A 1916 ya fitar da ƙasida mai ɗauke da hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa a ci. Ya taimaka gyaɗa ta yawaita, amma ya tarar da botar a kasuwa.

Yanzu ga matsalar da ta haifi duk gardamar yau. Ƙwayar gyaɗa kusan rabinta mai ne. In ka markaɗa ka ajiye, man zai taso sama, ƙasa ya ƙame kamar laka, kwana kaɗan kuma ya fara ɗan wari. Saboda haka a wancan zamanin mai shago ne ke ajiye ta a babban mazubi, yana juyawa da muciya, yana auna wa mutanen unguwa. Ba ta tafiya nesa.

A ƙasar Hausa ai mata sun san wannan halin na gyaɗa sarai, sai dai su ba su ɗauke shi matsala ba, shi ne ma sana'ar. A soya, a murje ɓawon, a kai inji, a dawo a juye a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa har man ya tsatso. A kwashe mai a sayar, abin da ya rage shi ne tunkuza, a mulmula a soya a samu ƙuli-ƙuli. Wato mu raba su muke yi. Su kuwa Amurkawa so suke su ɗaura wa man da tunkuzar auren da ba saki.

Wanda ya ɗaura auren shi ne Joseph Rosefield, wani mai ƙaramar masana'anta a California. A farkon shekarun 1920 ya yi amfani da wata fasaha da wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi wa rajista tun 1902: a tura iskar haidirojin cikin mai mai ruwa-ruwa, sai ya daskare ya zama kamar kitse. In ka sa irin wannan daskararren man a markaɗen gyaɗa, shi ke nan, man ba ya ƙara tasowa, ta yi sulɓi, ta yi watanni a kan kanta ba ta lalace ba. Kamfanin Swift ya karɓi lasisin wannan dabarar ya fito da Peter Pan a 1928. Da suka saɓa, Rosefield ya janye ya kafa tasa, Skippy, a farkon shekarun 1930. Shi ne kuma bayan 'yan shekaru ya fito da mai garas-garas. Ku ji yadda ake yin ta: ba wai ana rage niƙa ba ne. Ana niƙawa ta yi laushi tukuna, sannan a ɗebo ɓarzajjiyar gyaɗa a zuba a juya. Don haka masu cewa mai garas-garas ta fi kusa da ta gargajiya, ku yi haƙuri, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kwalliya ce ta bambanta.

A nan zan ɗan ratse, don wannan fasahar ta daskarar da mai ta taɓa mu kai tsaye, tun kafin Rosefield ma. Ita ce ta ba masana'antun Turai damar yin botar shafawa mai araha daga man tsirrai, irin su Blue Band ɗin da muka sani, maimakon kitsen dabba. Nan take suka shiga neman man gyaɗa ido rufe. A daidai lokacin ne layin dogo ya iso Kano, a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai jirgin zai riƙa kwasowa don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi lissafinsu: gyaɗa ta fi kuɗi, ta fi sauƙin aiki, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a cinikin goro, suka shiga saye. Dalar gyaɗa ta tashi. Har shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kafin fari na farkon shekarun 1970 da annobar cutar gyaɗa ta 1975, ga kuma kuɗin fetur, su rushe harkar. Fasaha ɗaya ce, a can ta cika kwalba, a nan ta tara buhuna.

Mu koma Amurka. A 1928, shekarar Peter Pan, wani gidan burodi a jihar Missouri ya fara sayar da burodi yankakke da inji. Ku haɗa biyun: burodi a yanke, bota mai shafuwa ba sai an juya ba. Yaro ɗan shekara shida zai haɗa wa kansa abinci ba wuta ba wuƙa mai kaifi. Shekara guda bayan haka tattalin arzikinsu ya karye, nama ya gagari talaka, botar gyaɗa ta tsaya masa. A yaƙin duniya na biyu aka taƙaita sayar da nama, aka kuma sa ta cikin guzurin sojoji. Kafin a ankara, abincin masu jinya a Battle Creek ya zama abin da uwa ke cusa wa yaro a jakar makaranta. Har gobe tana cikin kayan da gwamnatin Amurka ke ba mata masu ciki da ƙananan yara marasa ƙarfi, kuma fiye da rabin gyaɗar da Amurkawa ke ci, a bota suke cin ta.

To ga inda rigimar take. A 1955 kamfanin Procter & Gamble, masu sabulu da man girki, suka sayi wata masana'antar botar gyaɗa a Kentucky. A 1958 suka baza sabuwar hajarsu a ƙasa baki ɗaya, sunanta Jif. Ta fi sauran laushi, ta fi su zaƙi, yara suka rungume ta. Sai hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, wato NAFDAC ɗinsu, ta duba ta ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke kwalbar ba gyaɗa ba ne, yawancinsa daskararren mai ne. Dalili a fili yake, man ya fi gyaɗa araha. Sauran kamfanoni ma kowa ya fara rage hannu.

A 1959 hukumar ta kawo shawarar cewa duk abin da za a kira botar gyaɗa sai ya kasance kashi 95 cikin 100 gyaɗa ce. Kamfanoni suka ce ina! Su kashi 87 suke so. Hujjarsu kuwa, ku saurara da kyau, ita ce wai haka jama'a suka fi so, mutane sun zaɓi mai laushi mai zaƙi, me ya sa hukuma za ta shiga tsakanin mutum da harshensa? Hujja ce mai daɗin ji. Amma a ganina akwai wayo a ciki: kai ka saba wa yaro da zaƙi tun yana goye, sannan ka dawo ka kafa hujja da cewa zaƙi yake so.

A nan wata mata mai suna Ruth Desmond ta shigo. Uwar gida ce daga Virginia, ba lauya ba ce, ba likita ba. Ta kafa ƙungiyar matan gida masu sa ido kan abin da ake zuba wa abinci. Da aka buɗe zaman sauraron bahasi a ƙarshen 1965, ta riƙa zuwa da matan ƙungiyarta suna zama, ita da kanta tana yi wa shaidun kamfanoni tambayoyi a gaban manyan lauyoyinsu. Matsayinta mai sauƙi ne: wannan abu yara ne suka fi cin sa, uwa kuma in ta saya tana zaton gyaɗa ta saya, to a ba ta gyaɗa. Jaridu suka laƙaba mata suna Kakar Botar Gyaɗa. Zaman ya ci kusan makonni 20, rubutaccen bayaninsa ya kusa shafi 8,000. A kan gyaɗa fa! Ana ta ja-in-ja kan bambancin kashi uku, 87 ko 90. Kashi uku a kwalba ɗaya ba komai ba ne, amma ku ninka shi da miliyoyin kwalabe a shekara, za ku gane abin da ya sa aka ɗauko lauyoyi.

Hukumar ta tsaya a kashi 90. Wasu kamfanonin suka garzaya kotu, suka sha kaye a 1970, dokar ta fara aiki a 1971, shekara 12 bayan an fara. Har yau a Amurka, abin da gyaɗarsa ba ta kai kashi 90 ba, ba shi da izinin amsa wannan sunan, sai dai a rubuta masa wani. Jif kuwa ta gyara haɗinta ta bi doka, kuma tun farkon shekarun 1980 ita ce kan gaba a kasuwarsu. Mai laushi ta fi mai garas-garas fita, wannan kam ba gardama.

Af, maganar suna ta tuna min da Holan. Su can doka ta keɓe kalmar bota ga ta madarar shanu kaɗai, don haka da aka fara sayar da ta gyaɗa a 1948 sai aka kira ta pindakaas, wato cukun gyaɗa. Har yau haka suke ce mata.

Abin mamaki, daga shekarun 1970 sai ga masu neman lafiyayyen abinci sun dawo suna neman irin ta da, gyaɗa da ɗan gishiri kawai, mai yana iyo a sama, sai ka juya da cokali. Abin da Rosefield ya sha wahalar kawarwa, yau shi ake saya da tsada. Daskararren man irin na farko ma an gano yana cutar da zuciya, Amurka ta hana amfani da shi daga 2018, kamfanoni suka koma wasu nau'o'in mai. Shi kuwa wannan markaɗen zalla da suke yayi, shi ne dai wanda ake kai wa mai inji a unguwa don miyar taushe ko kunun gyaɗa. A Ghana da shi ake miyar gyaɗar da ake ci da fufu ko tuwon shinkafa, a Sudan suna ce masa dakwa suna kwaɗa tumatir da shi.

To mene ne matsayinta a abincin yau da kullum? Cokali biyu na cin abinci, wajen giram 32, suna ɗauke da kalori kusan 190, furotin giram 7 zuwa 8, mai kuma wajen giram 16, yawancinsa irin wanda ba ya cutar da zuciya. Ga ɗalibi a hostel, ko mai aikin ƙarfi, ko mai son ya ƙara ƙiba, abu ne mai riƙe ciki da araha in aka kwatanta da nama. Ga mai son rage tumbi kuwa, 'yan uwa, cokali biyu fa aka ce, ba rabin kwalba a gaban waya ba. In za ku saya, ku juya bayan kwalbar. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In kun ga sukari da mai sun biyo gyaɗa nan da nan, ga jerin wasu sunaye a bayansu, kun san inda kuɗinku ya tafi.

Amma kada wani ya ce to shi ke nan, ta gida ta fi. Ta gida ma tana da nata haɗarin, kuma ya fi sukari muni. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Binciken wannan ne ya gano wata guba mai suna aflatoksin, wadda wata irin fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a danshi. Tana taruwa ta lalata hanta, tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe ta duka. Matsalar markaɗe ita ce yana rufa asiri: gyaɗar da ta yamutse, ta canza launi, ta fashe, wadda ba mai saye a tire, ita ake karyar wa farashi, in ta shiga inji kuma ba mai gane ta. A 2019 hukumar kula da ingancin kaya ta Kenya ta dakatar da wasu nau'o'in botar gyaɗa daga kasuwa saboda wannan gubar. Duk mai markaɗa tasa, ya zauna ya tsince gyaɗar da hannunsa kafin a soya, ya zubar da duk mai ɗaci ko mai baƙi-baƙi.

Saura babi ɗaya, kuma a ƙasar Hausa aka rubuta shi. Da can, yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi a asibiti ana ba shi wata madara ta musamman. Madarar sai an dama da ruwa mai tsabta, in ta jima kuma ta lalace, ga uwa ta bar sauran yara da gona ta tare a asibiti makonni. A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa markaɗen gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin, suka ɗura a 'yar leda. Sunansa Plumpy'Nut. Sirrinsa shi ne babu ruwa a ciki, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa. Ba dafawa, ba damawa, ba firji, yana kai shekara biyu. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500. A nan sukari da man da Ruth Desmond ta yaƙa su ne ake nema, don yaron da ya rame ƙarfi yake buƙata a ɗan abin da cikinsa zai iya ɗauka.

Babban gwajinsa ya zo a 2005, lokacin yunwar Nijar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a shekarar, akasari a yankin Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida iyayensu mata suka riƙa ba su, ana kawo su awo mako-mako. Mafi yawansu sun warke. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan tsarin a hukumance, yanzu haka ma ana haɗa irinsa a masana'antu a Yamai da Kano.

Sai dai kun san abin da ke faruwa. Ledar nan tana da daɗi, manya sun ɗanɗana, ta fara ɓulla a kasuwanni da tashoshin mota duk da an rubuta ba ta sayarwa ba ce, wasu na shafa wa burodi, wasu na zuba wa kunu. Katan ɗaya leda 150 ne, kuma kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata ke nan daga ranar da aka auna damtsensa aka ga ja, zuwa makonni shida ko takwas da za a sallame shi. Ba a ba da rara a lissafin. Wadda aka gani a tire, daga cikin 150 ɗin wani yaron aka zare ta.